Yadda Za Ka Bi Sawun Rafin Unguwarku a Jos

Iyakar rafi ba ta tsaya a gaɓarsa ba, domin duk ƙasar da ruwan sama ke gangarowa daga cikinta ya faɗa rafin, tun daga kan tudu har kwatar ƙofar gida, tana cikin yankinsa. Ga yadda za ka gano wannan yanki da ƙafarka.

Ka bari sai damina ta ɗauke, wajen watan Nuwamba, lokacin da ruwa ya ja baya amma sawunsa bai ɓace ba. Kada ka shiga kwari a Yuli ko Agusta, saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu yakan iso ƙasa cikin ɗan lokaci ko da ba a yi yayyafi a inda kake ba. Ka fara sanar da mai unguwa, ka kuma nemi wani dattijo cikin masu lambu ya raka ka, domin su ne suka san inda rafin yake bi kafin a yi gine-gine.

Ka tashi daga inda rafin ya haɗu da babban ruwa, misali Kogin Dilimi, ka yi ta hawa sama, kana rubuta kowace mahaɗa da kwalbati da bola. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne alamar ambaliya: leda da ciyawa da suka maƙale a rassan itatuwa, da zanen laka a jikin katanga, su ne ke nuna tsayin da ruwa ya kai. A ganina duk mai niyyar sayen fili kusa da rafi ya kamata ya duba wannan kafin ya tambayi farashi. A Yulin 2012 ruwa ya tumbatsa a madatsar Lamingo ya afka wa unguwar Rikkos, mutane fiye da 30 suka rasu, Allah Ya jiƙansu.

Idan ka kai mafari, wanda kan kasance idon ruwa ko tsohon kududdufin haƙar kuza, ka ƙara hawa har ƙasa ta fara gangarawa ɗaya ɓangaren. Nan ne marabar ruwa. A tsaunin Filato wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga nan Kogin Kaduna ke nufar Kogin Neja, Gongola ya nufi Kogin Binuwai, Dilimi kuwa ya bi ta jihar Bauchi zuwa yankin Tafkin Chadi.

Daga ƙarshe ka buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, ka haɗa tuddan da ka taka da layi ɗaya, ka sa alama a kan falalen dutse da wuraren da aka shafe da siminti, tunda ba sa shan ruwa, sannan ka kai wa mai unguwa kwafin taswirar.