Idan kwale-kwale ya kife a Kogin Galma

Da ruwan Agusta ya sauka, Galma da ke Zariya kan cika ta batse, ga lodin buhuna da babura da ke danne kwale-kwale har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Idan ya kife kana ciki, kada ka rabu da shi. Jirgin katako yakan ci gaba da yawo a saman ruwa, kama gefensa ka tuɓe takalmi da babbar riga, domin jiƙaƙƙen yadi yana harɗe hannu da ƙafa.

Kai da ke bakin gaɓa, don Allah kada ka faɗa ruwan. Mai nutsewa yana maƙale duk wanda ya matso, sai su tafi tare. Kwanta rub-da-ciki ka miƙa masa gora, ko ka jefa jarka mai lita 20 wadda babu komai ciki, an ɗaure murfinta, da igiya a hannunta.

An fito da shi ba ya numfashi? Kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓarsa, hura masa iska a baki sau 5. Sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura sau 2, kana maimaitawa. Kada a matse cikinsa wai don fitar da ruwa, amai ne zai taso ya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibitin koyarwa na Shika, saboda huhu kan rikice bayan sa'o'i.