Yadda Ake Yi wa Baturiya Feshin Launin Rana Ba Tare da Ta Koma Ruwan Goro Ba

Mai gyaran jiki da ta koyi sana'a a gida, sannan ta samu aiki a shagon kwalliya a Ingila, Ireland ko Ostareliya, za ta tarar da wani aiki da ba a koya mata ba. Mace ce fara sol za ta shigo, ta biya kuɗi don a rage mata haske. A wurinmu masu neman sauya launi man bilicin suke nema. A can kuwa, musamman gabanin hutun bazara da lokacin bukukuwan aure, feshin launi yana cikin ayyukan da suka fi kawo ciniki, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin zubar da mutuncin shago idan aka yi shi da ka.

Kafin ki ɗauki na'urar feshi, ya kamata ki san abin da ke zuciyar wadda ke tsaye a gabanki. Shekaru aru-aru a Turai farar fata tas ita ce alamar 'yar gata, wadda ba ta zuwa gona. Matan masu hali a ƙarni na 16 har farin gubar dalma suke kwaɓawa da ruwan tsami su shafa a fuska, duk da yana cin fata. Da talakawa suka bar gona suka koma cikin masana'antu inda rana ba ta ganinsu, sai lissafin ya juya: wadda rana ta taɓa ita ce mai kuɗin zuwa bakin teku. Ana yawan danganta farkon wannan yayi da Coco Chanel, mai zanen tufafi 'yar Faransa, a shekarun 1920. A 1935 kamfanin L'Oréal ya fitar da man shan rana na Ambre Solaire, a 1936 kuma Faransa ta ba ma'aikata hutun shekara da albashi, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gaɓar ruwa.

Yau ra'ayin ya rarrabu. Akwai wadda take jin idan ta fita da ƙafafu farare kamar ba ta da lafiya ne, kunya take ji ta sa gajerun kaya. Akwai wadda take son launi mai duhu sosai, irin wanda aka san 'yan matan Liverpool da Essex na Ingila da shi, da kuma masu gasar rawa da ke buƙatarsa saboda fitilun dandali. Akwai kuma da yawa, musamman masu jan gashi, da suka rungumi farar fatarsu, ƙawaye ne ko uwar amarya suka turo su. Abin da kusan dukkansu suke tsoro ɗaya ne: kada a gan su a ce sun zama ruwan goro, domin a can abin zolaya ne, har ana haɗa shi da rashin wayewa. Saboda haka tambayar farko ita ce: «Wane irin launi kike so, kuma don wane taro?» Idan ta ce ɗan kaɗan take so, ki ba ta kaɗan ɗin. Ba aikinki ba ne ki nuna mata cewa fatarta ta asali tana da aibi.

Yadda sinadarin yake aiki

Abin da ke cikin ruwan feshin wani nau'in sukari ne da ake kira DHA. A shekarun 1950 wata mai bincike a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, Eva Wittgenstein, tana ba yara marasa lafiya shi ta baki, sai ta lura duk inda ya zuba a fatarsu wurin yana yin ruwan ƙasa. Sinadarin yana haɗuwa ne da furotin ɗin matacciyar fata ta can sama, kamar dai yadda lalle yake kama tafin hannu da dunduniya fiye da bayan hannu. Daga nan za ki fahimci kusan duk matsalolin aikin. Inda fata ta yi kauri ko ta bushe, launi zai fi kamawa. Kuma tun da saman fata yana zubewa a hankali, launin ba ya wuce kwana 5 zuwa 10.

Yawancin ruwan feshi yana ɗauke da wani rini na daban, wanda shi ne kike gani nan take yana nuna miki inda kika fesa. Wannan wankan farko yake tafiya da shi. Launin gaskiya yana fara fitowa bayan awa 2 zuwa 4, ya ci gaba da nuna har zuwa awa 24.

Zaɓen ƙarfin ruwa

A nan ne aka fi yin kuskure. Likitocin fata suna amfani da ma'aunin Fitzpatrick, wanda ya kasa fata gida shida gwargwadon yadda take yi da rana. Ki tambayi kwastoma: idan ta zauna a rana, ƙonewa take yi ko duhu? Wadda kullum ƙonewa take yi ta yi ja, ba ta yin duhu sam ko sai ɗan kaɗan, wato rukuni na 1 da na 2, ruwa mai DHA kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ya ishe ta. Wadda take ɗan ƙonewa sannan ta yi duhu, kashi 9 zuwa 10. Mai fata irin ta mutanen Italiya, Sifen ko Girka za ta ɗauki kashi 12. Idan kika fesa wa 'yar rukuni na 1 kashi 12 don ta nace, ba duhu mai kyau za ta samu ba, ruwan goron da take gudu ne zai fito. Ki yi mata bayani a hankali: a fara da mai sauƙi, in bai ishe ta ba a ƙara a zuwa na gaba. Ƙarawa ba wuya, cirewa ce aiki.

Ki duba kuma asalin launin ruwan. Mai tushen kore ya fi dacewa da fata mai ja-ja, mai tushen shunayya kuma da fata mai ɗan rawaya.

Shiri kafin ranar

Sabuwar kwastoma sai an gwada ta awa 24 kafin aiki: ɗigo ɗaya a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, ƙuraje ko kumburi, an fasa. Kada a fesa a kan rauni, ƙunar rana ko fatar da ta tsage. Mai asma ta kawo abin shaƙarta, ko a shafa mata da hannu maimakon feshi. Mai ciki ma haka: hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ganin man shafawar ba shi da matsala, amma gara a guji feshi saboda shaƙarsa.

Ki gaya mata ta yi aski ko halawa aƙalla awa 24 kafin ta zo. Idan ta yi da safen ranar, ƙofofin gashi a buɗe suke, rini zai shiga ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ƙwauri. Daren jajibiri ta goge jiki da soso mai ɗan kaushi, ta fi mai da hankali ga gwiwoyi, gwiwar hannu da idon sawu. Mai iya dilka kada ta yi sha'awar yin ta a nan: mai da kurkur ɗin da ke cikinta suna toshe fata, launi ya fito dabbare-dabbare. Ranar feshi ta zo ba mai, ba turare, ba hoda, ba abin hammata. Abin hammata ne yake haɗuwa da rini ya mai da wurin kore. Ki ajiye tsumman goge jiki marasa mai don wadda ta manta. Ta zo da kaya masu duhu, sakakku, da silifas.

Feshin kansa

Kina buƙatar tanti, fanka mai zuƙe iska a bayansa, na'urar feshi mai ƙaramin matsi, hular gashi, abin toshe hanci mai tace iska, soson da ake mannawa a tafin ƙafa, da man kariya, wato man da ke hana launi kamawa. Ke ma ki sa takunkumi da safar hannu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DHA ne don saman fata kawai, ba don ido, leɓe ko shaƙa ba, kuma ke ce mai shaƙarsa sau da yawa a rana.

Man kariya shi ne rabin aikin. Ki shafa shi da kauri a tafin hannu, tsakanin yatsu, farce da dunduniya. A gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu, wuyan hannu da gaɓoɓin yatsu kuwa ɗan siriri, don kina so launi ya kama amma kada ya yi yawa. Ki sa mata man leɓe. Mai farin gashi ko na zinariya, ki ɗan shafa mata man kariya a gira da gefen goshi.

Jiki guda ba ya cin fiye da mililita 50 zuwa 60. Ki fara gwada na'urar a kan takarda: abin da kike nema hazo ne mai laushi, ba yayyafi ba. Ki riƙe ta nesa da fata kamar santimita 15 zuwa 20, ki tafi a miƙe da gudu ɗaya, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Ki fara motsa hannu kafin ki danna, ki saki kafin ki tsaya, in ba haka ba farko da ƙarshen kowane layi za su yi duhu. A fara da baya, sai bayan ƙafafu, gefe da gefe, sannan gaba da hannuwa. Ta ɗan sunkuya lokacin da kike fesa ƙasan ɗuwawu, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga haɓa a wuya. Duk inda fata ta naɗe, farin layi zai fito idan ba a miƙar da wurin ba. Mai manyan ƙirji ta ɗaga da bayan hannu, ba da tafi ba.

Fuska sau ɗaya ake wucewa, ido a rufe, ta riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Hannu da ƙafa su ne na ƙarshe kuma su suke tona asirin mai koyo. Ta buɗe yatsu ta ɗan lanƙwasa su, ki ja baya zuwa santimita 30, hazon kawai ya sauka. Nan take ki goge tafin hannu da farce da ɗanyen tsumma, ki bi wuyan hannu da busasshen burushi mai laushi don kada a ga iyaka. Idan kika ga wani wuri yana sheƙi ko ruwa yana gangarowa, ki danna shi da soso a hankali, kada ki goge. Minti 5 zuwa 10 na iska mai sanyi, sannan ta sa kaya.

Bayan feshi

Ruwa na yau da kullum yana buƙatar awa 8 kafin wanka. Akwai mai sauri da ake wankewa bayan awa 1 zuwa 4, kuma shi lokaci ne yake ƙayyade duhunsa, don haka ki rubuta mata ƙarfe nawa za ta wanke a takarda. A tsakanin nan ba gumi, ba wanke-wanke, ba rigar nono mai matsewa, in ana ruwa ta riƙe lema. Wankan farko da ruwa mai ɗumi zalla, ba sabulu, ta danna tawul ba gogewa ba. Lallai ki faɗa mata tun a shago cewa za ta ga ruwa ruwan ƙasa yana bin magudana, rinin sama ne, kada hankalinta ya tashi. Ki kuma gaya mata akwai wani ɗan wari da ke tashi yayin da launin ke nuna, zai tafi da wanka.

Daga nan man shafawa kullum, mara mai da yawa. Ruwan ninkaya mai kulorin, dogon zama a ruwan zafi, da mayukan fuska masu sinadarin ritinol ko asid suna cinye launin da wuri. Daga kwana na 5 ta fara goge jiki a hankali don ya fita bai ɗaya. Kada a taɓa fesa sabo a kan tsohon da ya fara zubewa.

Idan an samu ɓarna, a jira launin ya gama nuna. Wurin da ya yi duhu a shafa man jarirai, a bar shi minti 15 zuwa 20, a jiƙa a ruwan ɗumi a goge da soso. Wurin da bai kama ba a cike shi da ɗan man launi da burushi. Idan kuma kwastomomi biyu ko uku a jere suka fito ba daidai ba, ki duba kwalbarki. Zafi, haske da iska suna lalata ruwan, ya koma kore ya rasa ƙarfi. A ajiye shi a rufe, wuri mai sanyi da duhu, ki rubuta ranar da kika buɗe a jikinsa, kada ya wuce wata 6. Amarya kuwa a yi mata gwaji wata guda kafin biki, na gaskiyar kuma kwana 2 kafin ɗaurin aure, don rinin sama ya gama fita kada ya ɓata farar riga.

Abin da dole ki faɗa, ko ba a tambaye ki ba

Wannan launin ba ya kare fata daga rana. Mata da yawa suna zuwa feshi ana gobe za su tashi hutu zuwa Sifen ko Turkiyya, su ɗauka tun da sun yi duhu ba za su ƙone ba. Fatar da ke ƙarƙashi tana nan yadda take, tana buƙatar man kare fata daga rana mai lambar ƙarfi SPF 30 ko sama, ana sabuntawa duk awa 2.

Wasu za su tambaye ki game da gadon haske, wanda ake kwanciya a ciki fitilu su gasa fata. A 2009 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa shi a rukuni na farko na abubuwan da ke jawo kansa. Brazil ta haramta shi a shekarar, Ostareliya ta rufe na kasuwanci daga 2015, a Ingila kuma laifi ne a bar wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. Wasu kuma za su ambaci allura ko feshin hanci na melanotan, maganin sa fata duhu da ake tallatawa a intanet. Ba shi da lasisi a Birtaniya, kada ki sayar, kada ki nuna wa kowa inda ake samu.

Ke ce kike ganin bayan kwastoma da bayan cinyarta, wuraren da ita ba ta gani. Idan kika lura da tawadar Allah mai gefe a karkace, mai launi fiye da ɗaya, wadda faɗinta ya wuce milimita 6, ko wadda ta sauya tun zuwanta na baya, ki rufe ta da man kariya kada launi ya ɓoye ta. Bayan ta sa kaya ki gaya mata a natse inda take, ki ce ta nuna wa likitanta cikin makon.