Yadda ake ɗaga hanya daga da'ira zuwa layin lambobi

Da na fara karatun tofoloji, wato fannin lissafi mai nazarin siffofin da ba sa sauyawa idan an lanƙwasa abu ko an miƙe shi ba tare da tsinkewa ba, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne madaukin da ya zagaya da'ira sau ɗaya (madauki shi ne hanyar da ta ƙare inda ta fara). Ido yana gani cewa ba zai tsuke ya koma ɗigo ba, amma ina hujja? Hujjar tana cikin ɗaga hanya, ga kuma yadda nake bi.

Ka fara da p(t) = (cos 2πt, sin 2πt). Wannan tana ɗaukar layin lambobi ta naɗe shi a kan da'ira. Nakan zana layin kamar murɗaɗɗiyar matakala a saman da'irar, kowane hawa zagaye guda, lambobi 0, 1, 2 da −1 duk suna tsaye daidai kan ɗigon (1,0). Idan kana da hanya γ a da'ira, wadda t ɗinta ke tafiya daga 0 zuwa 1, ɗaga ta shi ne ka samo hanya g a kan matakalar wadda inuwarta a ƙasa ita ce γ, wato p(g(t)) = γ(t).

Kada ka ce za ka auna kusurwar γ(t) kawai ka huta. Nan na daɗe ina tuntuɓe. Kusurwa takan kai gab da 2π sai ta faɗo 0 farat ɗaya, hanyar ta tsinke. Sai dai a bi gaɓa-gaɓa.

Rufe da'irar da yanki biyu: U, wato da'ira ban da (−1,0), da V, da'ira ban da (1,0). A saman U akwai tazarori (n − 1/2, n + 1/2), a saman V akwai (n, n + 1), inda n kowace cikakkiyar lamba ce, kuma p tana shimfiɗa kowace tazara daidai wa daida a kan yankinta, don haka ana iya komawa baya. Da yake [0,1] rufaffiya ce mai iyaka, ƙa'idar Lebesgue ta ba ka damar yanka ta gunduwa-gunduwa, adadi mai iyaka, yadda γ za ta kai kowace gunduwa cikin U ko cikin V. A ce γ ta tashi daga (1,0), sai ka sa g(0) = 0. Gunduwar farko dole tana cikin U, tunda (1,0) ba ya cikin V, tazarar da ke ɗauke da 0 kuwa ɗaya ce tak, (−1/2, 1/2). Ɗaga gunduwar can. Inda ta tsaya shi zai nuna maka tazarar gunduwa ta biyu, haka har ƙarshe.

Ka lura ba ka yi zaɓi ko sau ɗaya ba bayan ka kafa mafari. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. In akwai ɗagawa biyu daga 0, bambancinsu a kowane t cikakkiyar lamba ce, abin da ba ya tsinkewa kuma ba zai yi tsalle daga 0 zuwa 1 ba, sai ya zauna a 0.

Yanzu idan γ madauki ce daga (1,0), g(1) cikakkiyar lamba ce. Gwada γ(t) = (cos 6πt, sin 6πt): g(t) = 3t, ta ƙare a 3. Wanda ya zagaya sau 2 gaba ya juyo sau 3 baya zai tsaya a −1.

Sauran aikin maimaici ne. Homotofi tsakanin madaukai biyu, wato sauya ɗaya ya koma ɗayan a hankali ba tsinkewa, mafarinsu na nan inda yake, yana kan murabba'in [0,1] × [0,1]. Yanka shi ƙanana, ka ɗaga su jere bayan jere. Yayin da madaukin ke sauyawa, ƙarshen ɗagawarsa yana tafiya ba tsinkewa, alhali cikakkiyar lamba ne, saboda haka ba ya motsi. Ga amsar tambayata ta farko: mai zagaye ɗaya lambarsa 1, ɗigo lambarsa 0. A ɗaya ɓangaren, in g da h duk sun tashi daga 0 sun ƙare a n, haɗa su da (1 − s)g + sh, ka sauko da shi ta p, ka samu homotofi tsakanin madaukan biyu. In kuma ka jona madauki mai m da mai n, ɗagawar na biyu za ta tashi daga m ta ƙare a m + n.

Da haka rukunin tushe na da'ira, wato madaukai da jona su, ana ɗaukar masu homotofi a tsakaninsu abu ɗaya, tunanin da Henri Poincaré ya gabatar a 1895, ya zama cikakkun lambobi da tarawarsu. Da zarar ka riƙe wannan, ka gwada nuna cewa ba a iya janye faifai gaba ɗaya zuwa bakinsa ba tare da tsinkewa ba, bakin yana nan inda yake. Daga nan ƙa'idar Brouwer ta ɗigon da ba ya motsi a faifai taku ɗaya ce.