Kurakuran da Ake Yi Idan An Yi Kiciɓis da Baƙon Kare, da na Masu Sakinsa Cikin Jama'a

Idan sakakken kare ya nufo mutum a filin shaƙatawa ko a bakin hanya, komai yakan faru ne cikin 'yan daƙiƙu, kuma mutum biyu ke da hannu a ciki: wanda karen ya nufa, da wanda ya kwance masa igiya. Ƙura na lafawa sai kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Wannan ya ce me ya kawo dabba mai fiƙa cikin mutane ba igiya, wancan ya ce ai da ka tsaya da ba abin da zai same ka. Kowa da gaskiyarsa, sai dai a wurina kason mai kare ya fi girma, don shi ya zaɓi ya ajiye kare, mai wucewa kuwa hanyarsa kawai yake bi. Duk da haka da mai tsoron zan fara, tunda fatarsa ce kusa da haƙori.

Gudu ne kuskuren farko, kuma ƙafa ce ke yinsa tun kafin kai ya yi shawara. Bin abin da ke gudu a jinin kare yake. Karen da ke can yana sansanar ciyawa bai ma san da kai ba, kana zurawa a guje ka zama abin kora. Kuma ba tsira za ka yi ba. Usain Bolt, ranar da ya kafa tarihin mita 100 a Berlin a 2009, ƙololuwar gudunsa ba ta kai kilomita 45 a awa ba, karnukan tsere kuwa suna taɓa 70. Ko karen gida mai matsakaicin jiki ya fi yawancinmu sauri nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne ka tsaya cak, ka manne hannuwanka a jiki, ka ɗan karkata gefe, ka riƙa lura da shi ta wutsiyar ido. A Kanada akan koya wa yara su zama bishiya: ƙafa a kafe, rassa a naɗe, ido a kan saiwa. Yawancin karnuka za su zo, su sansana ƙafar wandonka, su ga ba wani abin sha'awa, su kama gabansu. Sai a lokacin za ka ja da baya sannu a hankali, ba tare da ka ba shi ƙeya ba. Mai keke ma, maimakon ya ƙara wuta, gara ya sauka ya sa keken tsakaninsa da karen.

Ihu da wurwurga hannu tafiyarsu ɗaya da gudu. Siririyar murya mai ƙara da hannu yana lilo a sama, ga kare mai son wasa gayyata ce, ga matsoracin kare kuma barazana. Haka zura masa ido. A tsakanin karnuka, kafe juna da ido neman faɗa ne. In magana ta kama, ka yi ta da murya ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya ko biyu, ba rawar murya. Wasu sukan sunkuya kamar za su ɗauki dutse, kuma gaskiya ne karen titi da ya sha jifa yakan ja da baya in ya ga haka daga nesa. Amma in ya riga ya iso gabanka, sunkuyawar fuskarka ta kai masa daidai baki.

Akan ce kare na jin warin tsoro, sai mai tsoro ya ɗauka ai shi kam tasa ta ƙare. Ko yana ji, abin da ke tunzura shi ya bi ka shi ne motsin da ya gani. Zuciyarka na iya dukan uku-uku, muddin jikinka na tsaye wuri ɗaya ka yi abin da ya kamata.

Akwai kuma kuskuren waɗanda ba su da tsoron ko kaɗan, kuma su ma suna shan cizo. Babbansu shi ne yarda da wutsiya. Kaɗa wutsiya alama ce kawai ta cewa ran kare ya motsa, ko don murna ko don fargaba ko don shirin kai hari. Wasu masu bincike a Italiya sun nuna a 2007 cewa wutsiyar takan fi karkata ɓangaren damansa in ya ga wanda yake so, ta fi karkata hagunsa in ya ga abin da yake shakka. Wannan ba zai yi maka amfani a tsakiyar hanya ba, don ba wanda zai tsaya awon kusurwa kare na tunkaro shi, amma ya isa ya nuna cewa ba kowace kaɗawa ce maraba ba. Dukan jikin za ka duba. Karen da ke cikin nishaɗi jikinsa a sake yake, ƙugunsa na rausaya tare da wutsiyar, bakinsa a buɗe, harshe a waje, kuma yakan zo ne a karkace, ba kai tsaye ba. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne wanda ya sandare: baki a rufe gam, nauyinsa a kan ƙafafun gaba, wutsiya a miƙe sama tana ɗan karkarwa, gashin bayansa a tashe. Kafin a kai nan ma akwai ƙananan alamu da mutane ba sa kula da su. Yana lasar hanci alhali bai ci komai ba, yana hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai amma idonsa na kanka har farin idon ya fito. Duk roƙo yake a ba shi wuri. Karen da ya yi shiru ya daskare ya fi mai haushi yana ja da baya hatsari.

Miƙa wa baƙon kare hannu wai ya sansana, shi ma an daɗe ana koyar da shi, kuma ba shi da amfani. Hancin da ke bin sawun mutum bayan sa'o'i ba ya buƙatar a cusa masa yatsu kafin ya san warinka. Ka tambayi mai shi tukuna, sannan ka bar karen ya zo da kansa. In ya zo, shafa ƙirji ko kafaɗa, kada ka ɗoro hannu ta saman kansa. Yi 'yan daƙiƙu ka ɗauke hannu. Ya matso yana neman ƙari, madalla. Ya juya, rabu da shi. Kare mai cin abinci, mai barci, mai rauni, wanda ke ɗaure ko bayan shinge, da karya mai shayar da 'ya'ya, duk ba a taɓa su. Karen da ke yi wa makaho jagora kuwa a bakin aiki yake, ko kiransa kada ka yi.

Wanda tsoron ya yi masa yawa har yana sauya hanya ko fasa fita, ya sani gujewar tana ƙara wa tsoron ƙarfi. Masana halayyar ɗan'adam suna maganinsa ta hanyar sabo mataki-mataki, daga kallon hoto, zuwa hango natsattsen kare a ɗaure daga nesa, har a kai ga tsayawa kusa da shi. Tura mutum gaban kare da ƙarfi wai don ya saba, baya yake mayar da shi.

Yanzu ga masu karnuka.

“Ba ya cizo.” “Wasa yake yi.” Yawanci daga nesa ake ɗaga murya a faɗe su, karen kuwa ya riga ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjin baƙo. Ka san halin karenka, na yarda. Wancan bawan Allah bai sani ba, kuma ba dole ne ya ba ka dalilin tsoronsa ba. Wataƙila an taɓa cizonsa yana yaro, wataƙila ɗinki ne a cikinsa, wataƙila kawai ba ya so a taɓa masa tufafi. Sannan ba sai da haƙori ake ɓarna ba. Kare mai kilo 30 da ya taho da gudun murna ya isa ya kayar da dattijuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne. A Ingila, dokar karnuka masu hatsari ta 1991 ba ta jira sai an yi cizo: in karenka ya fita daga ikonka har ya sa wani fargaba mai dalili cewa zai ji masa rauni, kana iya shiga hannun hukuma. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga wannan fili zuwa wancan, saboda haka karanta allon da ke bakin ƙofa. Amma ko inda aka halatta saki, izinin na karen da ke ƙarƙashin ikon mai shi ne. Ka hango mutum ya tsaya turus ko ya janyo ɗansa jikinsa, kira karenka, sa masa igiya, koma gefen hanya. Ba sai ka yi wa kowa lacca kan kirkin karenka ba.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai in karen na amsa kira, kuma a nan yawancin masu karnuka ke yaudarar kansu. Yana zuwa in ka kira shi a tsakar gida, to. Yana zuwa kuwa in yaro na gudu da ƙwallo, ko wani kare na wucewa, da kira ɗaya? In amsar “wani lokaci” ce, bai isa saki ba. A samo doguwar igiya ta horo, kamar mita 10, a bar shi ya yi yawo tana jan ƙasa, a riƙa kiransa ana ba shi lada mai daɗi duk sanda ya zo, sannan a sake shi ya koma wasansa. Sakin nan na biyu shi ne sirrin. Karen da ba a kiransa sai za a tafi gida ya gane kira na nufin wasa ya ƙare, don haka zai yi kunnen uwar shegu. Mafi muni shi ne mai karen da ya yi ta kira, karen ya dawo daga baya, ya rufe shi da duka. A fahimtar karen, dawowar ce aka hukunta. In ya ƙi zuwa kada ka bi shi, ya samu abokin tsere ke nan. Juya ka yi gudu ta wata fuskar kana kiransa da fara'a, sau da yawa shi zai biyo ka.

Barin sakakken kare ya ruga wurin wanda ke ɗaure a hannun mai shi yana haddasa faɗan da ba gaira ba dalili. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar kaucewa, abin da ya rage masa haƙori ne. Kuma akwai dalilin da ya sa aka riƙe shi: ko tsufa, ko jinya, ko tsoron 'yan'uwansa. Daga Sweden aka faro ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa a igiyar irin wannan kare don a san yana son tazara, amma ko ba ƙyalle, ganin igiya ya isa ka ɗaure naka har ku wuce juna.

Igiyar nan mai fita da komawa cikin gidanta ta roba, sunan igiya kawai gare ta in an sake ta mita 5 a hanyar da mutane ke bi. Siririn zarenta na harɗe ƙafa, yana yankar hannu in an cafke shi kare na ja. A cikin jama'a, gajeriyar igiya. Ido kuma a kan kare, ba a kan waya ba. Kashinsa ma a kwashe, don yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar da ke cutar da yara masu wasa da ƙasa, har ta taɓa musu ido.

Kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma wanda aka hana shi gargaɗi wata rana zai yi cizo ba sallama. A janye shi daga abin da ya dame shi, a nemi mai horo. In an san yana da saurin kai baki, takunkumi irin mai raga, wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa, ba abin kunya ba ne.

Iyaye suna da nasu kason. Yaro tsayinsa daidai bakin kare yake, shi ya sa cizon yara yakan faɗa a fuska da wuya. Rungumar kare, sumbatarsa, hawa bayansa, duk a hana, ko da na gida ne, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare. Uwar da ta ƙwalla ƙara ta fizgi ɗanta duk sanda ta hango kare, ita ma tana koya masa gudun da zai jawo masa kora. Gara a gwada tsayuwar bishiyar nan a gida kamar wasa, har ta zame masa jiki.

In abin ya ƙi, kare ya kawo hari, ba shi wani abu ya ciza: jaka, lema, riga. In ka faɗi, dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannuwa a kan wuya da kunnuwa, ka yi lamo.

Kuskure na ƙarshe shi ne raina cizon, a ce ai ɗan ƙarzane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Asiya da Afirka, kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare ake ɗaukarsa. Cutar na iya kwanciya wata 2 zuwa 3 ba alama, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba mai tashi. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da yaƙushi ne, ko lasa a kan buɗaɗɗen rauni. Kada a cusa komai a ciwon, kada a ɗaure shi tamau. In mai karen na wurin, a karɓi lambarsa da shaidar rigakafin karen, shi kuma ya tsaya ya bayar, kada ya sulale. Akan sa ido a kan karen kwana 10 a ga ko zai nuna alamar ciwon, amma in likita ya ce a fara allura, ba a jiran kwanakin su cika.