Yadda Za A Karanta Angela Brazil, Marubuciyar Labaran Makarantar 'Yan Mata

Duk wanda yake son ya san inda labaran makarantar kwana ta 'yan mata suka samo asali a adabin Ingila, dole ne ya bi ta kan Angela Brazil, wadda aka haifa a garin Preston ranar 30 ga Nuwamba, 1868, ta kuma rasu a Coventry ranar 13 ga Maris, 1947, bayan ta rubuta littattafai kusan 50. Yawancin littattafan nan sun haura shekara 100, saboda haka wanda ya ɗauke su haka kawai zai iya ganin su a matsayin hirar yara mara nauyi, ya ajiye tun bai kai ga abin da ya sa suka yi fice ba. Akwai hanyar da ta fi dacewa a bi.

A fara da rayuwarta, domin daga gida labaranta suka taso. Mahaifinta, Clarence Brazil, manajan masaƙar auduga ne, mahaifiyarta Angelica kuwa ta tashi ne a Rio de Janeiro da ke ƙasar Brazil kafin a kawo ta makaranta a Ingila tana yarinya. Sunan gidansu bai da alaƙa da waccan ƙasa, kuma ita marubuciyar tana furta shi ne da nauyi a gaɓar farko. Ta yi karatu a Preston da Wallasey da Manchester, daga baya ta koyi zane a makarantar Heatherley da ke Landan. Littafin da ta rubuta game da ƙuruciyarta, My Own Schooldays, ya fito a 1925, kuma ya kamata a karanta shi tare da tarihinta da Gillian Freeman ta wallafa a 1976, domin mutum ba ya faɗin komai game da kansa.

Daga nan sai a ɗauki The Fortunes of Philippa na 1906, wanda shi ne labarin makaranta na farko da ta rubuta, kuma ta gina shi ne a kan abin da ya faru da mahaifiyarta: yarinya ce aka raba da gida a Kudancin Amurka aka kai ta makarantar Ingila. A biyo shi da The Nicest Girl in the School na 1909, wanda ya fi sauran kasuwa. Ba sai an kashe kuɗi ba, domin da yawa daga cikin tsofaffin littattafanta suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg na intanet.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi karatun natsuwa, a riƙa yi wa kowane babi tambaya guda: da idon wa ake kallon abin da ke faruwa? Kafin zamaninta, tun daga The Governess na Sarah Fielding a 1749, an saba rubuta wa 'yan mata labarai ne domin a yi musu wa'azi, inda babba yake magana yarinya kuma tana saurare. Angela Brazil ta juya lamarin, ta tsaya a gefen ɗalibai. 'Yan matanta suna gardama, suna karya dokar ɗakin kwana, suna wasan hoki, suna kishin juna a kan ƙawa, suna kuma shirya wasan kwaikwayo da ƙungiyoyin sirri ba tare da jiran izinin malama ba. A lura da yadda ƙawance yake zama ginshiƙin labari, har ya danne batun aure da na iyali. A ganina wannan shi ne babban abin da ta bari, domin ta ɗauki damuwar yarinya mai shekara 14 da muhimmanci a lokacin da manya suke ganin shirme ce. Duk wadda ta taɓa kwana a makarantar kwana za ta gane zafin daren farko da Philippa ta ji.

Sai kuma a kula da harshe. Ɗalibanta suna magana da kalmomin yayi irin su "ripping" da "top-hole", waɗanda ke nufin abu ya yi daɗi ko ya yi kyau matuƙa. Ba a bukatar a fassara kowace kalma, amma a san cewa su ne suka harzuƙa wasu shugabannin makarantu, har makarantar St Paul's ta 'yan mata da ke Landan ta hana ɗalibanta karanta littattafan.

Yana da kyau a riƙa duba shekarar da kowane littafi ya fito. A Patriotic Schoolgirl na 1918 cike yake da yanayin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba za a fahimce shi ba sai da wannan. Haka nan kada a rufe ido ga iyakarta: kusan duk yaran da take bayar da labarinsu 'ya'yan masu hali ne, kuma tana kallon sauran al'ummu da idon Baturiyar zamanin daular Birtaniya. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, ya auna shi da adalci.

Wanda yake son ganin tasirinta sai ya ajiye littafinta kusa da jerin Chalet School na Elinor Brent-Dyer, wanda ya fara a 1925, ko Malory Towers na Enid Blyton, wanda ya fara a 1946, shekarar da littafin Angela Brazil na ƙarshe, The School on the Loch, ya fito. Bambancin da za a fara gani shi ne su sun bi makaranta ɗaya a littattafai da yawa, ita kuwa galibi takan ƙirƙiro sabuwar makaranta da sababbin ɗalibai a kowane littafi.

Idan hali ya yi a kai ziyara, Coventry ce wurin zuwa. A 1911 ta koma can, ta zauna a gida mai lamba 1 a layin The Quadrant tare da ɗan'uwanta Walter, wanda likita ne, da 'yar'uwarsu Amy, kuma ba ta taɓa yin aure ba. Gidan tarihi na Herbert da ke birnin yana ajiye da wasu daga cikin kayan da ta tara a rayuwarta.