Carar Zakara da Ƙorafin Maƙwabta a Amurka: Inda Masu Kiwo Ke Kuskure

Kuskuren da ya fi kowanne jefa masu kiwon kaji a bayan gida cikin matsala a Amurka shi ne zaton cewa dokar kare haƙƙin noma garkuwa ce ga duk wanda ya mallaki akurki. Gaskiya ne dukkan jihohi 50 suna da irin wannan doka, amma an yi su ne domin kare gonakin da gari ya faɗaɗa ya tarar da su, kada sabon zuwa ya kai manomi kotu saboda wari ko hayaniyar da ya iske a wurin. Dokar Karolina ta Arewa ta 1979, alal misali, ta shardanta cewa gonar ta shekara tana aiki kafin a fara ƙorafin. Wanda ya sayo zakara watan jiya a tsakiyar unguwa ba shi ne mutumin da majalisa ta yi nufin karewa ba.

Jihar Michigan ce ta fi fito da wannan batu fili. Dokarta ta 1981 tana kare noman da ake yi don kasuwa, kuma sai mai shi ya bi ƙa'idojin kiwo da hukumar noma ta jihar ta amince da su. An daɗe masu kaji a cikin gari suna fakewa da ita, har zuwa 2014 da hukumar ta sauya ƙa'idar zaɓen wurin kiwo: idan akwai gidajen da ba na gona ba fiye da 13 a cikin kashi ɗaya bisa takwas na mil, ko kuwa gida ɗaya a cikin ƙafa 250, to wurin na zaman jama'a ne, kuma dokar ƙaramar hukuma ce za ta yi aiki. Saboda haka gyaran a nan shi ne mutum ya fara da karanta dokar garinsu kafin ta jiha. Birnin New York ya yarda da kaji amma ya haramta zakaru, Seattle ya ba da damar tsuntsaye takwas ban da zakara, Los Angeles kuma zakara ɗaya tal ya amince da shi a kowane gida. Idan unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu ranar sayen gida tana iya hana kiwon gaba ɗaya, kuma da wuya dokar noma ta warware ta.

Wasu kuma suna kafa hujja da wani zakara mai suna Maurice na tsibirin Oléron a Faransa, wanda maƙwabta suka kai ƙara saboda cararsa amma kotu ta ba mai shi gaskiya a 2019, har Faransa ta yi dokar kare sautuka da ƙamshin karkara a 2021. Labari ne mai daɗi, amma alƙalin Amurka ba zai dube shi ba.

Akwai kuma waɗanda ke yi wa maƙwabci alkawarin cewa za su hana zakara cara ta hanyar duhunta akurki. Hausawa sun riga sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, kuma binciken da aka wallafa daga Jami'ar Nagoya ta Japan a 2013 ya nuna cewa agogon cikin jikinsa ne ke tashinsa kafin ketowar alfijir, ko da bai ga haske ba. Abin da za a iya shi ne rage ƙarar: a rufe shi a akurki mai kaurin bango har rana ta fito, a janye akurkin daga gefen tagar ɗakin kwanan maƙwabci, a kuma rage yawan zakaru, tunda idan babban ya yi cara sauran amsa masa suke yi. Ɗaurin wuyan da ake sayarwa don rage sauti yana iya shaƙe tsuntsu idan aka matse shi, ni dai ban cika ba da shawararsa ba. Wanda ƙwai kawai yake so, ya sani kaza tana saka ƙwai ko babu zakara.

Idan takardar gargaɗi ta zo daga jami'in ƙaramar hukuma, ajiye ta a aljihun tebur babban ganganci ne, domin a garuruwa da yawa tarar ƙaruwa take yi kullum, lokacin ɗaukaka ƙara kuma gajere ne. A amsa ta a rubuce, a haɗa da shaidar ranar da aka fara kiwon, rasit ɗin cinikin ƙwai ko 'yan tsaki idan akwai, da takardar da ta nuna rukunin da filin yake ciki, na noma ne ko na zaman jama'a. Mai yin ƙorafi shi ma ya rubuta ranaku da lokutan da carar ta tashe shi, ya yi wa mai zakaran magana ido da ido kafin ya kira hukuma, kuma kada ya kuskura ya taɓa tsuntsun, domin wannan laifi ne mai zaman kansa wanda zai iya kai shi gaban alƙali.