Kurakuran da aka fi yi wajen raba folda a sabar Linux

Foldar da aka raba ta Samba, manhajar da ke ba kwamfutocin Windows damar buɗe foldar da ke sabar Linux, ƙofa biyu gare ta, kowace da makullinta. Ta waje ita ce abin da ka rubuta a /etc/samba/smb.conf, ta ciki kuwa izinin fayil na Linux kansa. Yawancin koken "ina ganin foldar amma ba na iya ajiye komai" daga nan yake tasowa: an sa `read only = no`, alhali foldar har yanzu mallakar root ce, wato babban asusun mai kula da sabar. An bar ma'aikaci ya shigo zaure, an kulle masa ɗaki.

Da mutum ya gaji sai ya buga `chmod 777`, umarnin da ke buɗe wa kowa foldar. Koke ya tsaya kam, amma yanzu duk wanda ya samu shiga zai iya goge takardun albashi. Wannan kuskure ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin gyaran gaskiya bai kai minti biyar ba. Ka buɗe rukuni, a ce sunansa akawu, ka zuba masu aikin a ciki, ka miƙa wa rukunin foldar da `chgrp`, sannan ka yi `chmod 2770`. Lambar 2 ta farko ita ke sa kowane sabon fayil ya gaji rukunin foldar. A smb.conf ka ƙara `valid users = @akawu` da `create mask = 0660`. In ka bar wannan na ƙarshe yadda ya zo, wato 0744, wanda ya ajiye fayil kaɗai ne zai iya gyara shi, abokin aikinsa sai kallo.

Kalmar sirri ma tana ruɗa mutane. Samba ba ta amfani da ta Linux, tana da rumbunta daban, don haka bayan buɗe asusu sai ka yi `smbpasswd -a` da sunan mutumin. Idan Windows ta nace kan tsohuwar kalma, `net use * /delete` zai yanke haɗin a sake shiga.

A Fedora ko Rocky Linux, komai na iya zama daidai amma SELinux, ƙarin tsarin tsaron da suke zuwa da shi, ya hana. Kada ka kashe shi. Ka yi wa foldar tambarin `samba_share_t` da `semanage fcontext`, ka biyo da `restorecon`.

Akwai masu dawo da SMB1, tsohuwar sigar ƙa'idar raba fayil ta Windows, saboda tsohuwar na'urar sikanin da ta ƙi haɗuwa. Tun sigar 4.11 ta 2019 Samba ke zuwa da shi a kashe, kuma ta raunin SMB1 ɗin Windows ne muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Gara a sabunta manhajar na'urar ko a sauya ta. Tashar 445 kuma, wadda Samba ke aiki ta cikinta, kada ta taɓa leƙa intanet. Mai aiki daga gida ya shigo ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga cibiyar ofis daga nesa.

Masu NFS, hanyar raba folda tsakanin kwamfutocin Linux, ku kula da tazara ɗaya tak a /etc/exports. `192.168.1.0/24(rw)` ya ba kwamfutocin ofis damar rubutu. Da ka bar fili kafin `(rw)` ɗin, ofis ya koma karatu kawai, damar rubutun ta faɗa hannun kowa. Bayan gyara ka yi `exportfs -ra`, ka duba da `exportfs -v`. A ɓangaren Samba `testparm` ke wannan aikin, zai nuna maka layin da ka rubuta ba daidai ba kafin ka sake tayar da sabar.